Tarihin Zuriyar da ke Zaune Cikin Gishiri

Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Gusau a 1927, mutanen Zamfara sun san gishiri iri iri. Fatake ke kawo shi bisa raƙuma da jakuna. Akwai na Balma, wanda aka kasa biyu, kantu don dabbobi, beza don miya. Akwai na Foga daga yamma, ga kuma kanwa, ja da fara da ungurnu. Ɗan kasuwar Tsafe ko na Bungudu da ido da harshe yake rarrabe su. Ya kuma san abin da aka barbaɗa wa gishiri ba ya saurin ruɓa, domin gishiri na hana ƙwayoyin ruɓa sakat.

To, ashe akwai waɗansu 'yan ƙwayoyin halitta, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, da ba su da gida sai cikin gishirin nan. Ruwan da suka fi so, gishirinsa ya ninka na teku sau shida ko bakwai. In ka jefa yawancinsu cikin ruwan rijiya, nan take sai su fashe. Idan suka yi yawa sukan mai da ruwan gishiri ja wur.

Hasara ce ta sa aka binciko su. A ƙasar Kanada, kifin da aka adana da gishiri ya riƙa yin ja yana wari, masu shi na ta kuka. A 1922 masana biyu, Harrison da Kennedy, suka gano mai laifin. A 1934 wani mai suna Lochhead ya same shi a jikin kiragan da aka shafa wa gishiri. Da yake siffarsu ta yi kama da ta ƙwayoyin da ake kira bakteriya, sai aka jefa su cikin wannan dangi. A 1974 Gibbons ya tara su gida ɗaya, wato gidan Halobakteriya. "Halo" kuwa gishiri ke nan da harshen Girka.

Amma kama da wane ba ta wane. A 1977 Carl Woese na Amurka ya bar duban siffa, ya shiga karanta gadon da ke rubuce cikin jikin ƙwaya, yadda malami ke bin salsala. Sai ga wata babbar zuriya ta fito wadda ba a san da ita ba, kuma shekara na kewayowa aka tabbatar masu son gishiri 'ya'yanta ne. A 1990 aka raɗa mata suna Arkiya, wato 'yan dauri. Wani abin mamaki, ta waɗansu fuskoki sun fi kusa da mu da dabbobinmu bisa ga bakteriyar da suka ara wa suna. Sunan dai ya riga ya bi su, ba a sake shi ba.

Gida ya yi ta cika. Aka samo waɗansu a Tekun Luɗu, waɗansu a tafkin kanwa na Magadi, ƙasar Kenya. Ganin haka, a 2015 Gupta da abokansa suka raba taron unguwa uku. Masana ba su taru sun yarda ba. A 2023 waɗansu suka sake auna gadon, suka ce unguwannin nan uku a mai da su ɗaya, a bar gidaje da yawa a cikinta.