Cutar Mantuwa Kafin Shekara 65: Bitar Bincike da Hanyoyin Tallafa wa Iyalai a Masarautar Gumel

Tsakure

Maƙalar ta yi bitar binciken da aka wallafa kan cutar mantuwa mai kama mutum kafin ya kai shekara 65, ta kuma auna sakamakonsa da yanayin ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Ta gano cewa nazarin da aka yi a Nijeriya ya karkata ga tsofaffi, alhali ɓarnar cutar ta fi tsanani idan ta faɗa wa mai ɗauke da gida.

Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 55 na fama da cutar mantuwa, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu. Nazarin Hendriks da abokan aikinta na 2021 ya nuna cewa cikin kowane mutum 100,000 masu shekara 30 zuwa 64, kimanin 119 na da cutar, wato wajen miliyan 3.9 a duniya.

Abin da Bincike Ya Nuna

Aikin haɗin gwiwa na Indiyanafolis da Ibadan, wanda aka fara a 1992, ya sami cutar a kashi 2.29 cikin ɗari na waɗanda suka kai shekara 65 a Ibadan. Binciken Zariya na 2011 shi ma tsofaffi ya ƙirga. Ke nan magidanci ɗan shekara 50 bai shiga lissafi ba.

Ga masu ƙarancin shekaru, ba kullum mantuwa ce alamar farko ba. Sau da yawa hali ne ke fara sauyawa: rashin kunya, saurin fushi, sarƙewar magana ko kasa lissafi. Daga cikin musabbabai akwai cutar Alzheimer, toshewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, buguwar kai, barasa da cutar ƙanjamau. Wasu larurorin, kamar ƙarancin sinadarin B12, ciwon damuwa da raunin aikin halittar maƙoshi, suna kama da cutar mantuwa amma suna jin magani. Kwamitin mujallar Lancet ya bayyana a 2024 cewa abubuwa 14 da za a iya magancewa, ciki har da hawan jini, ciwon suga da raunin ji, su ke da alhakin kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar.

Tattaunawa

Tattalin arzikin yankin ya dogara ga noma, kiwo da fatauci, musamman kasuwar dabbobi ta Maigatari mai ci ranar Alhamis, inda ake hulɗa da fatake daga jihar Damagaram. Ciniki a nan amana ce da riƙe lissafi a ka. Dillalin da ya fara mance wanda ya biya da wanda ake bi bashi zai rasa jari da mutunci tun kafin a gane ciwo ne. Gida kuwa yakan fara zargin sammu ko iska, a yi ta neman magani, sai abu ya ta'azzara a nufi Babban Asibitin Gumel, asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Jinya takan faɗa wuyan mata da 'ya'ya mata, har ta kai ga cire yara daga makaranta.

Shawarwari

Na farko, a horar da ma'aikatan asibitocin matakin farko da shirin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya ƙunshi darasi kan cutar. Na biyu, a fassara gwajin tantance cutar na IDEA, da aka tsara domin marasa karatun boko, a gwada ingancinsa da Hausa. Na uku, a riƙa auna hawan jini a ranakun kasuwa. Na huɗu, malamai da hakimai su ja hankalin iyalai su naɗa wakilin dukiya tun maras lafiya yana cikin hayyacinsa.

Kammalawa

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta ba da madogarar kare haƙƙin waɗannan marasa lafiya. Ya rage ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa da jami'o'inmu su fara da ƙirga su, domin a kan adadi ake gina kasafi.