Lokacin da Muke Auna Bishiyoyin Takardu

A Daura, duk dattijon da ya saba da tsofaffin wasiƙun sarakuna yana gane su tun kafin ya karanta: hatimi, bisimilla, daga wane zuwa ga wane, gaisuwa, sannan a shiga magana. Wannan idon muka so mu ba kwamfuta, mu da muka yi aikin haƙo bayanai a farkon ƙarnin nan.

A watan Fabrairu na 1998 ƙungiyar W3C ta amince da XML, tsarin sanya wa takardu alamomi, wanda aka tsamo daga SGML na 1986. Nan da nan takardun XML suka cika intanet, kowa na raɗa wa alamominsa sunan da ya ga dama. To, yaya za a tara masu kama da juna wuri guda?

Takardar XML bishiya ce a wurinmu, alama cikin alama, reshe kan reshe. Sai muka koma ga tsohon lissafi na Kuo-Chung Tai na 1979, wanda Zhang da Shasha suka sauƙaƙa a 1989: gyara nawa za a yi, a cire, a ƙara, a sauya suna, kafin wannan bishiya ta koma waccan? A 2002 Nierman da Jagadish na Jami'ar Michigan suka daidaita shi da XML, har ana iya dasa reshe sukutum a ƙirga shi gyara ɗaya. Aiki ne mai kyau, sai dai nauyi. Takardu 10,000 na buƙatar gwaji kusan miliyan 50, kowane gwaji da cin lokacinsa. Wanda ya taɓa barin inji na lissafi cikin dare, aka ɗauke wuta kafin asuba, ya san zafin abin.

Daga nan kowa ya nemi gajeriyar hanya. Flesca da abokansa a Italiya suka mayar da jerin alamomi lambobi, suka auna su da dabarar Fourier. Dalamagas da Sellis da abokan aikinsu suka riƙa sassabe maimaici tukuna. A 2007 Charu Aggarwal da wasu suka fito da XProj, mai bin guntayen siffa da ke yawan maimaituwa.

Gasar INEX, inda aka gwada irin waɗannan dabaru, ita ce ta buɗe mana ido. Da aka kawo maƙalolin Wikipedia, waɗanda ƙirarsu kusan ɗaya ce, siffa kaɗai ta kasa raba su sai da aka haɗa da kalmomi. Ashe siffa asalin takarda take nunawa, da hannun da ya tsara ta.

Yau wani tsarin, JSON, ya karɓe kasuwa daga XML, amma manyan ɗakunan karatu na tsara kundin rubuce-rubucen hannu da tsarin TEI, wanda XML ne. Ranar da aka shigar da takardun Larabci da ajami na gidajen malaman Daura, ma'aikata daban-daban za su yi aikin, kowa da salonsa, kuma da wannan awon za a gano bayanan da suka kauce wa tsari a daidaita su.