Akwatin raba ƙarfi a tsofaffin motocin 4x4

Akwatin raba ƙarfi, wanda kanikawan New Bell ke kira "boîte de transfert", yana bayan giyabos, shi ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin gaba da na baya. Na Toyota Land Cruiser 80, ƙirar 1990 zuwa 1997, haƙoran ƙarfe ke juya shi, shi ya sa yakan daɗe. Na Mitsubishi Pajero kuwa sarƙa gare shi, takan saki idan ta tsufa.

A Douala ruwa ya fi komai kashe shi. Ambaliyar Yuli da Agusta kan shiga ta bututun iska, mai ya koma kamar madara, boris ya lalace. Mai sayen na hannu a Camp Yabassi ya fara tsiyaye man, idan ya ga ɓarɓashin ƙarfe ya haƙura da shi.