Cututtukan fangas da ke kama wake da yadda masana ke rarraba su

Wake na cikin manyan kayan da ake hada-hadarsu a kasuwar Illela ta jihar Sakkwato, wadda ke kan iyaka da Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar. Najeriya da Nijar su ne ke kan gaba a duniya wajen noman wake.

Daga cikin abubuwan da ke rage amfanin gonar akwai fangas, wato ƙananan halittu dangin fumfunar da ke fitowa a kan tsohon tuwo. Masana kan kasa su gida uku, gwargwadon inda suke ɓoya da kuma sashen shukar da suke kamawa.

Na cikin ƙasa

Mafi haɗari a yankunan Sahel shi ne Macrophomina phaseolina, wanda ke ruɓar da saiwa da kara, har su koma launin toka. Yana ƙara ƙarfi idan zafi ya tsananta kuma ruwan sama ya ɗauke, kuma yakan yi shekaru a cikin ƙasa. Akwai kuma Fusarium, mai toshe hanyoyin ruwa a jikin shuka har ta yi yaushi.

Na ganye

Cercospora da Septoria kan yi wa ganye ɗige-ɗige ja ko ruwan ƙasa, sannan ya kakkaɓe. Hakan na rage ƙwaya da kuma harawar da dabbobi ke dogaro da ita da rani.

Masu bin iri

Dangin Colletotrichum kan ɓoya a cikin ƙwaya, saboda haka sukan tsallaka iyaka a cikin buhu. Wani ɗan uwansu ne ya yi ɓarna a gonakin lupin, wani dangin wake, a yammacin Ostireliya a 1996.

A da, da madubin ƙara girma ake tantance su, amma binciken ƙwayoyin halitta ya sauya lissafi. A 2014 masana sun gano cewa wani fangas na Senegal da ake ɗauka Macrophomina phaseolina ne, jinsi ne dabam.

Amfanin rarrabewar shi ne kowane rukuni da maganinsa. Na cikin iri sai da tsaftataccen iri da garin magani kafin shuka. Na ganye, feshi. Na cikin ƙasa kuwa, sauya shuka da gero da zuba taki.

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, da IITA, da INRAN ta Nijar suna aikin samar da irin da ke jure cututtuka.