Tuƙa jirgi maras matuƙi a matsayin sana'a: horo da lasisi

Matuƙin jirgi maras matuƙi, wanda Faransanci ke kira télépilote, shi ne mutumin da ke sarrafa jirgin daga ƙasa. A idon doka direban jirgin sama ne, kome ƙanƙantar na'urar da ke hannunsa. Ana ɗaukarsa aikin hoton biki da taro, awon filaye, duba gonaki da layukan wutar lantarki, da kai magani wuraren da mota ba ta isa da wuri.

Tushen doka

Sashe na 8 na Yarjejeniyar Cikago ta 1944, wadda ta kafa hukumar sufurin jiragen sama ta duniya OACI, ya hana jirgi maras matuƙi shawagi a samaniyar wata ƙasa sai da izininta na musamman. Saboda haka kowace ƙasa ke da nata sharuɗɗa. A Nijar hukumar ANAC ce ke kula da lamarin, a Kamaru CCAA, a Cadi ADAC, a Gana GCAA, a Najeriya kuma NCAA. Tun 2016 Najeriya ta wajabta samun amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro baya ga izinin NCAA.

Abin da ake koya

Horon kashi biyu ne. A aji ana karanta dokokin sararin samaniya, yanayin iska da zafi, karatun taswira, kula da batir, da haƙƙin mutanen da ake ɗauka hoto. A fili ɗalibi yana koyon tashi da sauka, duba jirgi kafin kowane aiki, da abin da zai yi idan sadarwa ta katse tsakaninsa da jirgin. Ana kuma koya masa rubuta sa'o'in tashinsa a littafi, domin shi ne shaidar gogewarsa wurin neman aiki. A yankin Sahel, ƙurar hunturu tana rage nisan gani, zafin bazara kuma yana saurin lalata batir, don haka darasin yanayi ba na wasa ba ne.

Tsarin Turai da na Amurka

Dokar Tarayyar Turai mai lamba 2019/947, wadda Faransa ke aiki da ita, ta raba shawagi gida uku gwargwadon hatsarinsa. A rukuni mafi sauƙi, nauyin jirgi ba ya kai kilo 25, ba ya wuce mita 120 daga ƙasa, kuma dole idon matuƙi ya kasance a kansa. Jarrabawar farko tambayoyi 40 ce da ake amsawa ta intanet, takardar shaidarta kuma tana aiki shekara 5. Mai son tashi kusa da jama'a da jirgi mai ɗan nauyi sai ya ƙara wata jarrabawar mai tambayoyi 30.

A Amurka, dokar Part 107 ta 2016 ta buƙaci mai nema ya kai shekara 16, ya kuma ci kashi 70 cikin 100 na tambayoyi 60. Yana sabunta iliminsa duk bayan wata 24.

Horo da aiki a Afirka

A watan Janairun 2020 asusun UNICEF, tare da jami'ar Virginia Tech ta Amurka, ya buɗe makarantar African Drone and Data Academy a Lilongwe, babban birnin Malawi, inda matasan Afirka ke koyon haɗa jiragen, tuƙa su, da sarrafa bayanan da suke tattarowa. Kamfanin Zipline ya fara kai jini asibitocin Ruwanda a 2016, ya shiga Gana a 2019, sannan jihar Kaduna a 2022. Jiragensa suna tafiya nesa da ganin ido, irin aikin da ke buƙatar izini mai tsauri fiye da na mai ɗaukar hoton biki. A Yamai akwai kamfanin Drone Africa Service, wanda ke aikin taswira da ɗaukar hoto daga sama.

Tsallake iyaka

Lasisin matuƙi daban yake da rajistar jirgi, dukansu kuma daban suke da izinin yin aiki a wani wuri. Takardar da aka samu a Faransa ko Najeriya ba ta isa ta ba mutum damar tashi a Garwa ko Damagaram ba, sai hukumar ƙasar ta amince. Kusa da filin jirgin sama, barikin soja da fadar shugaban ƙasa, hani ne kusan ko'ina. A yankin Tafkin Cadi, inda ƴan bindiga su ma ke amfani da irin waɗannan jirage, jami'an tsaro na iya ƙwace na'urar da ba ta da takardu, su kuma tsare mai ita. Wanda zai yi aiki a wata ƙasa yakan nemi izini a rubuce tun kafin ya kama hanya, ya kuma bayyana jirgin ga jami'an kwastan a bakin iyaka.