Taitin: Bahasi a Kan Zaren da Ke Auna wa Zuciya Cikarta

Duk wanda ya ɗora hannu a ƙirjinsa ya ji bugu, abin da hankalinsa zai fara ba shi shi ne, aikin zuciya matsawa ne, ta takure ta tura jini cikin jijiyoyi. Kuma tun daga shekarar 1628, sa'ad da William Harvey ya tabbatar a Ingila cewa jini kewaya jiki yake yi, galibin bahasin malaman ilmin jiki a kan wannan matsawa ya tsaya. Amma zuciyar da ke bugawa kimanin sau 100,000 a kwana guda, tana fitar da wajen mililita 70 a kowane bugu, ba ta da ikon ba da abin da ba ta karɓa ba, karɓar kuwa ba ta yiwuwa sai ta saki ta buɗe zuwa wani haddi ƙayyadadde. Da'awarmu a nan ita ce, furotin da ke tsayar da wannan haddi, wanda ake kira taitin, ya cancanci a lissafa shi cikin rukunan aikin zuciya kafaɗa da kafaɗa da masu matsawa, ko da yake shi ba ya ƙona makamashi don ya ja kome.

Tsokar zuciya, idan an sa ta ƙarƙashin madubin ƙara girma, gaɓa-gaɓa take, kowace gaɓa tsawonta wajen maikiromita 2, wato kashi biyu cikin dubu na milimita, tana da shinge a kowane gefe wanda ake ce wa shingen Z. Daga shingayen nan siraran zaruruwa na aktin suke miƙowa, a tsakiya kuma kauraran zaruruwa na mayosin suke kwance. A shekarar 1954 wasu malamai a Ingila da Amurka, Andrew Huxley da Rolf Niedergerke a ɓangare guda, Hugh Huxley da Jean Hanson a ɗaya ɓangaren, suka nuna cewa zaruruwan ba sa gajarcewa, zamewa suke yi cikin juna, mayosin yana kama aktin yana ja. Bayanin ya samu karɓuwa, kuma ya cancanta, sai dai ya bar mas'ala guda a buɗe: tun da kakkauran zaren bai taɓa shinge ba, mene ne ke riƙe da shi a tsakiya, kuma mene ne ke hana gaɓar tsinkewa idan an ja ta alhali tsoka tana hutawa?

Sai bayan shekara ashirin da ɗoriya aka samu jawabi. Koscak Maruyama a Japan ya ware wani furotin mai talewa daga tsoka a 1976, sa'an nan Kuan Wang da abokan aikinsa a Jami'ar Texas suka gano shi ta wata hanya dabam a 1979, su ne kuma suka ba shi sunan da ya bi shi. Sababin jinkirin abin mamaki ne, domin girmansa ne ya ɓoye shi: na'urar da ake tace furotin da ita a zamanin tana da ƙananan ƙofofi, shi kuwa ba ya iya shiga, sai ya maƙale a baki, masu bincike su ɗauka datti ne. A 1995 Siegfried Labeit da Bernhard Kolmerer suka karanta jerinsa duka a Heidelberg ta ƙasar Jamus, aka tabbatar babu furotin da aka sani a jikin ɗan Adam da ya kai shi girma, tun da amino asid da ke cikinsa suna kamawa daga 27,000 zuwa fiye da 34,000, alhali furotin na yau da kullum 'yan ɗaruruwa ne.

Siffarsa ita ce hujjar aikinsa. Zare guda na taitin yana kafa kansa a shingen Z, ya miƙe har tsakiyar gaɓa, tsawon kimanin maikiromita guda, kuma shida ne ke bin kowane rabi na kakkauran zare. Rabin da ke manne da mayosin a ɗaure yake, ba ya motsi. Rabin da ke tsakanin shinge da bakin mayosin shi ne mai talewa, kamar danƙon da yara ke harbin tsuntsu da shi, sai dai talewar tasa mataki-mataki ce: da farko jerin dunƙule-dunƙulen da ke lanƙwashe su miƙe ba da wahala ba, sa'an nan wani yanki marar tsayayyar siffa da ake kira PEVK, tare da wani da ya keɓanta da zuciya mai suna N2B, su fara warwarewa, tirjiya tana ƙaruwa gwargwadon ja. A 1986 Robert Horowits da abokansa suka lalata taitin a cikin tsoka da gangan, sai tirjiyar ta faɗi, kauraran zaruruwa kuma suka gusa daga tsakiya. Bayan haka aka gano cewa idan gaɓa ta takure ƙasa da tsawonta na hutu, taitin yakan mayar da ita, wannan mayarwa kuwa tana cikin abin da ke sa zuciya ta zuƙo jini a farkon buɗewarta.

Mai saɓani zai ce, ai akwai kolajin da ke kewaye da ƙwayoyin tsoka, shi ma yana tirjiya. Haka ne, babu musu, amma gwaji ya nuna cewa a tsawon da lafiyayyar zuciya take aiki cikinsa, wato daga maikiromita 1.9 zuwa wajen 2.2, kaso mafi yawa na tirjiyar daga taitin yake, kolajin ba ya karɓar ragama sai an wuce nan. Bugu da ƙari, kolajin ba ya sauya hali cikin gaggawa, taitin kuwa yana sauyawa ta fuska biyu. Ta farko, ƙwayar gadonsa, TTN, da ke kan kuromosom na 2, tana fitar da shi iri biyu a zuciya, gajere mai tauri da dogo mai laushi, kuma wani furotin mai suna RBM20 ke hukunta wanda za a yanka. Zuciyar ɗan tayi dogon ta fi yawa da shi, ta ɓera mai saurin bugu kusan duk gajeren ne, ta baligin mutum kuwa gauraye ce, gajeren ya ɗan rinjaya. Ta biyu ta fi sauri, domin idan mutum ya tashi da gudu, sinadaran da jiki ke saki suna sa a liƙa wa yankin N2B fosfet, nan take zaren ya yi laushi, zuciya ta cika cikin ɗan lokacin da ya rage mata tsakanin bugu da bugu.

A nan ne bahasin ya haɗu da wata tsohuwar ƙa'ida. Otto Frank a Jamus a 1895, da Ernest Starling a Landan wajen 1914, sun nuna cewa gwargwadon cikar zuciya, gwargwadon ƙarfin matsawarta, kuma da wannan ƙa'ida ce ɓangaren dama da na hagu na zuciya suke fitar da jini daidai wa daida ba tare da wani ya lissafa musu ba. Malamai sun yi ittifaƙi cewa tsokar da aka ja ta fi saurin amsa kiran sinadarin kalsiyam, amma sun yi saɓani a kan sababin hakan: wasu sun ce jan taitin yana kusantar da zaruruwa ga juna, wasu sun ce yana tayar da kawunan mayosin da ke kwance a jikin kakkauran zare. Ko wanne ya inganta, taitin yana cikin silsilar, kuma an ga cewa inda aka mayar da shi mai laushi ainun, ƙa'idar takan yi rauni.

Hujjar da ta fi nauyi a wurina daga asibiti ta zo. A 2012 wani bincike da aka buga a Amurka ya samu cewa, cikin masu ciwon faɗaɗar zuciya na gado, wanda zuciya ke buɗewa ta yi laƙwas ta kasa turawa, kimanin kashi 25 cikin 100 suna ɗauke da tawaya da ke datse taitin kafin ya kai ƙarshe. A 2016 aka duba mata 172 a Amurka da Jamus da Japan da zuciyarsu ta gaza a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, aka samu irin wannan tawaya a kimanin kashi 10 cikin 100. Wannan ciwo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin a shekarun 1970 Neil Davidson da Eldryd Parry sun ruwaito daga Zariya cewa yana kama kusan mace guda cikin masu haihuwa ɗari, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da Kamilu Karaye ya jagoranta daga Kano daga baya kuwa ya fi karkata ga rama da ƙarancin sinadarin seleniyam da hawan jini na masu ciki.

Ba ya halatta a yi ƙiyasi kai tsaye daga matan Amurka da Jamus da Japan zuwa matan Zariya, kuma kuskure ne a ce gado shi kaɗai ne sababi, tun da ana samun mutane masu irin wannan tawaya da ke rayuwa lafiya ƙalau. Abin da dalilai suka fi ƙarfafawa shi ne, tawayar takan kwanta shiru har sai an ɗora wa zuciya kaya, kuma an ga haka ga mashaya giya da waɗanda aka ba wasu magungunan ciwon daji. Ciki yana cikin mafi nauyin kayan, domin jinin mai ciki yakan ƙaru da kusan rabi, gishirin kanwa kuma riƙe ruwa yake yi a jiki, saboda haka likitan da ya karɓi mai jego tana haki da kumburin ƙafa yana da dalilin tambayar abin da take ci da sha, yana kuma da dalilin tambayar ko a danginta, maza ko mata, an taɓa yin mai ciwon zuciya ko mutuwar fuju'a cikin ƙuruciya.