Daga Ganuwar Birni zuwa Ganuwar Kwamfuta: Tarihin Tsaron Na'ura a Cikin Gida

Duk wanda ya san tarihin ƙasar Hausa ya san cewa ba a kiran wuri birni sai yana da ganuwa. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu ne ya fara gina ganuwar Kano a farkon ƙarni na 12, sa'an nan Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Kowace ƙofa tana da sarkinta, wanda ke lura da mai shiga da mai fita, ya kuma rufe ta idan dare ya yi. Daɗin daɗawa, ganuwar ƙasa ce, damina tana cin ta, saboda haka tilas ne a riƙa tara jama'a ana yi mata gyara.

Amma tarihin Zamfara ya nuna cewa ganuwa ita kaɗai ba ta tsare gari. A ƙarni na 18 Gobirawa sun shigo ƙasar Zamfara ne a matsayin baƙi, Sarkin Zamfara ya yi musu izinin zama a wurin da ya zama Alƙalawa. Da suka yi ƙarfi a ƙarƙashin Babari, sai suka ci Birnin Zamfara da yaƙi wajen tsakiyar ƙarnin. Alƙalawa ita ma, duk da ganuwarta, ta faɗa hannun masu jihadi a 1808. Wannan tarihi yana da amfani ga malamin makaranta a Nahuce, ko ma'aikaci a Gusau, ko ɗan kasuwa a Tsafe, wanda ya sayi kwamfuta ya ajiye a gida, yana neman abin da zai kare ta da shi.

Cutar kwamfuta ta fara yaɗuwa ne tun kafin intanet ta shiga gidaje. A 1986 wasu 'yan'uwa biyu a birnin Lahore na Pakistan suka rubuta wata manhaja mai suna Brain, wadda ke bin faifan ajiya daga na'ura zuwa na'ura. Daga nan aka sami kamfanonin riga-kafi, watau masu yin manhajar da ke binciken na'ura ta zaƙulo cuta: McAfee a 1987, Norton AntiVirus a 1991. Aikin irin wannan manhaja ya yi kama da na dogarin da ke zagaya cikin gari yana neman ɓarawon da aka riga aka san kamanninsa.

A watan Nuwamba na 1988 wani ɗalibin Jami'ar Cornell a Amurka, Robert Morris, ya saki wata manhaja wadda ba ta bukatar faifai, da kanta take bin layin sadarwa tana shiga na'urori, har ta tsayar da dubbansu. Wannan ya sa masana suka himmatu ga tsaron ƙofa. Sunan da Turawa suka ba wannan tsaro sun aro shi ne daga magina, watau katangar da ake yi a tsakanin ɗakuna don kada gobara ta tsallaka. A Hausa, ganuwa ta fi dacewa da shi. Dalili kuwa shi ne, kwamfutar da ke haɗe da intanet tana da ƙofofi masu lamba har 65,535, ganuwar ce ke duba kowane saƙo, ta ga daga ina ya fito, wace ƙofa ya nufa, sa'an nan ta bar shi ko ta hana shi.

Da farko manyan kamfanoni da jami'o'i ne kaɗai ke da irin wannan ganuwa. Kamfanin Microsoft ya sanya ta a cikin Windows XP a 2001, amma ya bar ta a kashe, sai mai na'ura ya kunna. Mutane kaɗan ne suka kunna. Sakamakon haka, cutar Blaster a 2003 da Sasser a 2004 suka shiga ɗimbin na'urori ba tare da masu su sun taɓa kome ba. A watan Agusta na 2004 kamfanin ya fitar da gyara wanda ya sa ganuwar ta zama a kunne tun daga farko. Daga Windows 8 kuma, a 2012, riga-kafin Defender ya zama yana zuwa tare da na'urar, ba da ƙarin kuɗi ba.

Sai kuma batun gyara. A watan Mayu na 2017 cutar WannaCry ta kulle bayanan na'urori a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila, masu ita suna neman kuɗin fansa. Alhali kuwa tun watan Maris na shekarar Microsoft ya fitar da abin toshe kafar da cutar ta bi. Waɗanda abin ya shafa, yawancinsu ba su sabunta na'urorinsu ba ne. Wannan ya shafi ƙasarmu ƙwarai, domin yawancin kwamfutocin gida na hannu ne, da yawa kuma suna ɗauke da Windows na jabu ko tsohon yayi. An daina yi wa Windows 7 gyara a Janairun 2020, tallafin yau da kullum na Windows 10 kuma ya ƙare a Oktoban 2025. Har ila yau, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara a Satumban 2021 saboda matsalar tsaro, na'urori sun yi makonni ba su sami sabuntawa ba, mutane suna musayar takardu ta filashi, watau irin hanyar da Brain ta bi tun 1986.

A Nijeriya wayar salula ta GSM ta fara aiki a 2001, aka kafa hukumar EFCC a 2003, aka fara rajistar lambar BVN a 2014, aka kuma yi dokar hana laifuffukan intanet a 2015. Da kuɗin jama'a suka koma cikin na'ura, sai ɓarawo ya ga ba ya bukatar haura katanga. Yakan aiko da saƙo da sunan banki, ko ya ba da manhajar kyauta wadda cuta ke ɓoye a cikinta, mai gida ya buɗe masa ƙofa da hannunsa, kamar yadda aka yi wa baƙin Alƙalawa masauki. Akwai ma manhajojin ƙarya masu kiran kansu riga-kafi, su firgita mutum da cewa na'urarsa ta kamu, don ya biya kuɗi.

Saboda haka, abin da tarihi ya koyar game da zaɓen tsaro shi ne a fara da tushe. Lalle ne Windows ɗin ya zama na gaske, wanda har yanzu ake yi masa gyara, a kuma bar shi yana sabunta kansa ko da hakan zai ci data. Ganuwar da riga-kafin da suka zo da shi sun isa bukatar yawancin gidaje, muddin suna kunne. Wanda ke son ƙari ya saye shi daga kamfanin da ya yi shi, kada ya karɓi kwafin da aka fasa a shagon gyara, kada kuma ya haɗa riga-kafi biyu, domin sukan yi karo su nauyaya na'ura. Ya ajiye kwafin muhimman takardunsa a wani faifai dabam wanda ba ya haɗe da na'urar kullum. Lambar sirri ta banki kuwa, babu wata manhaja da za ta tsare ta idan mai ita ya faɗa wa baƙo. Hausawa sun ce riga-kafi ya fi magani, kuma a wannan al'amari mai gida shi ne sarkin ƙofa.